Ƙahon Da Ya Riga Hula

"Muddin ina numfashi, yaron nan ba zai sake taka ƙofar gidana ba."

Yaya Prosper ne ya faɗi haka ranar Litinin da yamma, tukunyar jan wake na tafasa, Odessa na tsaye riƙe da faranti huɗu. A hankali ta mayar da ɗaya cikin kabad. Wata uku ke nan duk Litinin sai ta ɗauko huɗu, duk Litinin sai ta mayar da ɗaya. Hannunta ya ƙi yarda cewa mu uku ne.

"Baba, sau uku fa yana zuwa ba ka haƙuri."

"Ya zo sau ɗari. Ulysse zai tashi ne a sake masa jana'iza?"

Hawayenta suka ɗiga a kan farantin da ke sama.

"Clarence zai zo ranar Lahadi ƙarfe shida, shi da ubansa," in ji Yaya, yana gyara zama. "Ban ce dole ba. Tunda aka haife ki ban taɓa yi miki dole ba. Amma in mai ƙahon nan kika zaɓa, ki nemi wanda zai riƙe hannunki ya kai ki gaban fada a coci. Ba ni ba."

Ni ce Lurline, ƙanwarsa. Ni na raini Odessa tun uwarta ta rasu ta bar ta tana wata bakwai. Yau shekararta ashirin da shida, malamar makaranta ce, ba mai iya ɗaure ta ya kai ta coci. Sai dai duk wanda ya san ta ya san ba za ta iya shiga auren da ubanta ya juya wa baya ba. Shi ma ya sani sarai, shi ya sa ya ja farantinsa ya ci wakensa hankali kwance, har da neman ƙari.

Na ƙara masa, amma da na dire tukunyar sai da teburin ya amsa.

* * *

Shekara ashirin da biyu Yaya Prosper yana jagaban Ƙungiyar Taurarin Asuba a nan unguwarmu ta Tremé. Duk ɗan ƙungiyar da ya mutu, shi ne a gaba: baƙar kwat, farar safar hannu, ɗamarar ƙungiya saƙale daga kafaɗa zuwa ƙugu, hula dafe a ƙirji, yana wannan takun nasa na jan ƙafa da mata ke fitowa baranda don su kalla. 'Yan badujala na binsa da taken makoki, mai ƙaramar ganga ya cusa hankici a cikin wayoyinta don muryarta ta dushe.

Ba mai sauya kiɗa sai an saki gawa. Makaɗa su rabu layi biyu, motar gawa ta ratsa ta wuce, Jagaba ya mayar da hularsa kai. A ƙungiyarmu hular nan ita ce umarni. Sai ta hau kai mai ƙaho zai yi kira, a zare hankici, titi ya ɓarke da rawa. Yaron goye ma ya san wannan.

Ranar da aka binne babban yayanmu Ulysse, cikin zafin watan Mayu, saura titi biyu a kai inda ake sakin gawa, hula na ƙirjin Yaya, matar mamaci na kuka a mota, sai Emile Gaspard ya ɗaga ƙahonsa sama ya tsaga kiran rawa.

Mutanen gefen titi ba su jira komai ba. Lemomi suka buɗe, hankici suka tashi sama, jama'a suka kwararo suka rufe Jagaba da makaɗa da motar gawa baki ɗaya. Aka yi rawa a kan Ulysse tun ba a sallame shi ba. Ni ina can baya, ban ga komai ba sai ƙeyar mutane. Da aka samu aka buɗe hanya, na hango Yaya tsaye jikin motar gawa, hannu ɗaya a kanta, fuskarsa ta yi fari fat. Na ce baƙin ciki ne.

Emile ɗin nan kuwa ba baƙo ba ne. Shekara biyu yana cin waken Litinin a teburinmu, Yaya da kansa ke tura masa ƙashin da ya fi tsoka. An ma sa ranar da zai kawo uwarsa neman aure. Busa ɗaya ta kwashe duk wannan.

* * *

Ranar Alhamis Clarence Dupart ya zo da furanni a sabuwar motarsa. Ba zan yi masa ƙarya ba. Yaro ne mai tsabta, yana aiki a gidan waya, ba ya sha, ba ya ɗaga murya. Aibinsa ɗaya, in yana magana sai ka rantse takardar gwamnati ake karanta maka. Ubansa ne shugaban ƙungiya.

Suka zauna a baranda, ni kuma na zauna bakin taga ina gyaran kuɓewar da na riga na gyara.

"Odessa, ni ba na gaba da kiɗa," in ji shi. "Ina da rediyo. In kina son kiɗan jaz ki murɗa, in ya ishe ki ki kashe. Mai rediyo me zai kai shi zama cikin hayaƙin taba yana gumi?"

"Rediyo ba ya ganina, Clarence."

"Ban gane ba."

"Na san ba ka gane ba."

Ya yi gyaran murya, ya taɓa wuyan rigarsa.

"Akwai wata magana kuma. 'Yan ƙungiya sun fara ƙananan maganganu. Suna cewa Mista Prosper ya tsufa, jagaban da aka yi rawa a gabansa hula na hannunsa ai ya kasa riƙe makaɗansa. Akwai masu son ɗamarar nan. Babana ne ke danne su. In muka zama gida ɗaya kuwa, ba mai sake buɗe baki."

Cikin ladabi ya faɗa, har da murmushi. Ni kuwa saura kaɗan wuƙa ta cire min yatsa.

Bayan ya tafi Odessa ta daɗe zaune da furannin a cinya. Da na fito ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Tanti, in aka karɓe ɗamarar nan Baba ba zai kai baɗi ba."

Ban musa mata ba, don ni ma abin da ke cin raina ke nan.

* * *

Daga Juma'a zuwa Lahadi ni ke dafa abinci a Shuɗiyar Ƙofa, kulob ɗin da ke kan titin St. Philip. Ɗaki ne guda, daɓen katako, fanka biyu da ɗaya ce kawai ke juyawa, da fiyanon da ya girme ni. A nan Odessa ta fara jin Emile, wata Lahadi da rana, lokacin da tsofaffi ke biyowa daga coci da hulunansu su ci shinkafa da miyar kuɓewa su saurari yara. Ta zo taya ni wanke-wanke ne. Emile ya ɗauki wani tsohon kofin silba ya rufe bakin ƙahon da shi, yana buɗewa yana rufewa, ƙahon ya rinƙa magana ƙasa-ƙasa kamar mutum mai roƙon gafara. Na juyo na tarar da yarinya tsaye, famfo na zuba, kumfa har gwiwar hannu. Tun ranar na san mun shiga uku.

Ranar Juma'ar nan da la'asar su Emile na gwaji, Odessa ta shigo ta ƙofar kicin da kayan makaranta a jikinta. Ta tsaya bayan labule tana saurare har suka kai ƙarshe. Mai fiyano ya jefa wata 'yar tambaya da hannun dama, Emile ya amsa masa, mai ganga ya yi dariya ya shiga tsakaninsu. Ina kallonta, ƙafarta na bin kiɗan, idonta na zubar da ruwa, ba ɗayan da ya san abin da ɗayan ke yi.

Emile ya shigo neman ruwan sha, ya gan ta, ya tsaya cak.

"Dessa."

"Ka gaya min gaskiya, Emile."

"Na gaya miki. Kuskure na yi."

"Jana'iza nawa ka busa?"

"Ban ƙirga ba."

"Tun kana ɗan shekara sha biyar kake yi. Kai da kake jin numfashin mai fiyano kafin ya sauya hannu, kai ne za ka kasa ganin hula a ƙirjin mutum, taku biyar a gabanka? Giya ka sha?"

"Kin san ba na sha ranar jana'iza."

"Rana ce ta buge ka?"

"Wataƙila."

"Dube ni ka ce wataƙila."

Bai dube ta ba. Ya tsaya yana murza kofin silbar nan a hannu.

"Jibi ƙarfe shida za su zo," ta ce. "Ba ni da abin da zan riƙe in tsaya gaban Baba da shi. Kullum in na ce ba halinka ba ne, sai ya ce to halin wa ne? Ka ba ni dalili ko ɗaya ne, ko mara kan gado ne, in je in yi faɗa da shi. Ka bar ni ni kaɗai ina kare mutumin da ya ƙi kare kansa."

"Ki ce masa na yi nadama."

"Ya ji wannan sau uku."

"To ba ni da wata."

"Ba ka sona ne?"

Sai a nan ya ɗago. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Wata uku ba na iya cin wake, Dessa. In na bi ta layinku ranar Litinin na ji ƙamshin, sai in tsallaka titi. Duk abin da na busa a ɗakin nan tun watan Mayu ke nake gaya wa, har mai ganga ya ce na ishe shi. Kada ki sake tambayata wannan."

"To me ya sa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Akwai maganar da ba tawa ba ce. Ba ni da ikon bayar da ita, ko da a kanki ne."

"Maganar wa ce?"

Ya girgiza kai.

Ta fashe da kuka sosai, irin wanda ban ji ta yi ba tun tana ƙarama. "Shi ke nan. Lahadi zan zo in saurare ka har ƙarfe biyar da rabi. Daga nan in tafi gida in ce wa Clarence to. Ka ji da kunnenka, kada ka ce wani ya gaya maka."

Ta fita, ƙofar raga ta bugu a bayanta.

Na dubi Emile na ce, "Kai dai wawa ne mai daɗin busa."

"Haka ne, Tanti Lurline," ya ce, ya koma ciki bai ko sha ruwan ba.

Na ci gaba da yanka albasa, amma maganar ta tsaya min a ƙirji. Maganar da ba tasa ba. Taku biyar a gabansa ranar nan, ai mutum ɗaya ne kawai.

* * *

Asabar da sassafe na fito bayan gida kwashe shanya, sai na ji ana waƙar makoki ƙasa-ƙasa ta hanci. Na leƙa ta bayan zanin gado.

Yaya ne, da singileti da wandon barci, hular jagaba dafe a ƙirji, yana gwada takunsa tsakanin bishiyar ɓaure da bahon wanki. Dama ta fita, ta ja, ta tsaya. Hagu ta fita, ta ja, ta tsaya. A taku na bakwai hagun ta ƙi zuwa. Ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa kamar ba tasa ba, ya tafi gaba ɗaya ya faɗa kan bahon.

Na yar da kayan na ruga. Ya ture hannuna.

"Santsi ne."

"Ƙasar a bushe take, Yaya."

Ya jingina da bahon yana haki. Na tsuguna a gabansa, abubuwa suna dawo min ɗaya bayan ɗaya: yadda ya koma riƙe ƙarfen matakala, yadda ya daina zuwa kasuwa a ƙasa, da fuskar nan fara jikin motar gawa.

"Tun yaushe?"

Ya hau kakkaɓe ƙasar da ke gwiwarsa.

"Ranar Ulysse ma haka ta yi maka, ko?"

Ya kawar da kai wajen ɓauren. Da ya yi magana, da ƙyar na ji shi.

"Gwiwata ta riga ta kusa taɓa kwalta. Gaban gari duka, Lurline. Gaban Dupart da mutanensa. Na juya ido, muka haɗa ido da yaron. Sai na ji ƙaho. Kafin in kai ƙasa mutane sun rufe ni, wani hannu ya cafe ni ta hammata ya jingina ni da mota. Hannun yaron ne, ya ci gaba da busa da ɗayan."

"Ka sani ke nan. Wata uku ka sani."

"Na sani."

"Ka bari ana tofa masa yawu a titi. Matar Ulysse ta zage shi a bakin coci kana tsaye. Ƙungiya biyu sun daina kiransa jana'iza. Ka kore shi daga teburinka kamar ɓarawo."

"Ba na iya kallonsa." Muryarsa ta karye. "Duk ya shigo ya ce Mista Prosper ka yi haƙuri, sai in ga idon nan da ya gan ni ina faɗuwa. Shi yake ba ni haƙuri, ni. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Kina so in zauna da wannan idon duk Litinin har in mutu?"

"Sai ka zauna da idon 'yarka a gidan Clarence har ka mutu."

"Lurline, ɗamarar nan ita kaɗai ta rage min. Hannuna ya daina riƙe cokalin filasta, matata ta tafi, Ulysse ya tafi. In na sa ta na fita titi, ni wani ne. In aka cire ta, tsoho ne kawai a baranda."

Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, kuma na ji kamar in kwaɗa masa bahon.

"Ni ba zan faɗa mata ba," na ce. "Yaron ya riƙe bakinsa a kan macen da yake so, ni ma zan riƙe nawa. Maganarka ce. Amma ka sani, gobe ƙarfe shida 'yarka za ta sayo maka ƙyallen nan da rayuwarta, kuma ta san abin da take yi. Clarence ya riga ya gaya mata farashin."

Ya ɗago da sauri. "Me ya ce mata?"

Na gaya masa, kalma da kalma. Ya lallaɓa ya miƙe, ya kakkaɓe hular, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ranar bai ci abinci ba, ni ma ban kira shi ba.

* * *

Lahadi Shuɗiyar Ƙofa ta cika tun ƙarfe uku. Odessa ta zauna a teburin da ke kusa da fiyano cikin farar rigar coci, agogonta a ajiye gabanta. Na kai mata abinci, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ban taɓa jin Emile ya yi busa irin ta ranar ba. Tsofaffi suka ajiye cokula. Wata mata a baya tana ta cewa, "Faɗa masu, ɗana, faɗa masu." Ni kuwa miya ta kama a ƙasan tukunya ina tsaye a kanta, idona na kan agogon bango. Huɗu da rabi. Biyar. Biyar da kwata.

Biyar da minti ashirin da biyar Odessa ta ɗaura agogonta ta ɗauki jakarta.

Ƙofar gaba ta buɗe.

Yaya Prosper ne, cikin baƙar kwat, da farar safar hannu, da ɗamara, da hula a kai. Clarence na bayansa yana kaɗa makullin mota, fuskarsa fes, da alama a zatonsa amarya aka zo ɗauka. Kiɗan ya mutu a hannun makaɗa ɗaya bayan ɗaya. Shekara talatin Yaya bai taɓa shiga ɗakin nan ba.

"Baba, yanzu nake tahowa," in ji Odessa.

"Zauna."

Ya dubi dandamali.

"Emile Gaspard."

"Na'am, Mista Prosper."

"Ɗan'uwana yana binka rabin take. Ka ɗauko shi daga inda ka yanke."

Ba wanda ya yi motsi. A kulob ba a kiɗan makoki, kowa ya sani. Sai mai ganga, dattijo ne, ya zaro hankicinsa daga aljihu ya cusa a cikin wayoyin gangar. Mutane suka janye kujeru da kansu, hanya ta buɗe daga ƙofa zuwa dandamali.

Yaya ya cire hula ya dafe a ƙirji.

Emile ya sa ƙaho a baki. Taken ya fito a hankali, da nauyi, daidai inda ya tsaya a watan Mayu.

Dama ta fita, ta ja, ta tsaya. Hagu ta fita, ta ja, ta tsaya. Ina ƙirgawa a zuci, na damƙe ludayi har ya shiga tafin hannuna. Huɗu. Biyar. Gumi na bin wuyansa. Shida.

A na bakwai hagun ta ƙi zuwa.

Gwiwarsa ta daki katako, ƙarar ta kai har kicin. Odessa ta yi ƙara ta miƙe. Ina kallon Emile, na ga ƙahon ya fara tashi sama, kumatunsa sun cika, zai sake yin abin da ya yi, ya tayar da ɗakin nan da rawa don kada a kalli tsoho a ƙasa.

"Kada ka kuskura," in ji Yaya daga inda yake durƙushe. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. "Sau ɗaya ka rufa min asiri, ya isa. Bari su gani. Kai shi ƙarshe."

Odessa ta tsaya cak tsakanin tebur da ubanta. Ta dubi ƙafar, ta dubi Emile, ta sake duban ƙafar. Na ga lokacin da ta gane. Ta toshe bakinta da hannu biyu.

Emile ya sauke bakin ƙahon ya ci gaba da taken, hawaye na gangarowa har kan tagullar. Yaya na durƙushe a gwiwa ɗaya, bayansa a miƙe, hula a ƙirji, har sauti na ƙarshe ya ƙare. Aka sallami Ulysse a ɗakin da ke warin ƙonanniyar miya, wata uku bayan an rufe shi.

Sannan Yaya ya ɗaga hular ya ɗora a kai.

Ba wanda ya busa komai.

"Yanzu ne lokacin, ɗan banza," ya ce. "Me kuma kake jira?"

Mai ganga ya fizge hankicin. Kiran ya fita har fankar da ta mutu sai da ta girgiza, tsofaffi suka miƙe suna kaɗa hankici, wasu na rawa suna share ido. Emile bai kai ƙarshen baitin farko ba ya miƙa wa mai fiyano kiɗan, ya diro. Shi ta dama, Odessa ta hagu, suka ɗaga Yaya suka zaunar a kujera.

Yaya ya sa hannu ya zare ɗamarar ta kansa. Ya ninke ta gida huɗu a cinyarsa, ya shafa ta sau ɗaya, ya miƙa wa Clarence da ke tsaye bakin ƙofa kamar an dasa shi.

"Kai wa babanka. Ka ce ya ba mai ƙafa. Ka kuma ce masa kada ya wahalar da kansa ƙarfe shida."

Clarence ya karɓa, ya buɗe baki, ya rasa takardar da zai karanta, ya juya ya fita.

Odessa ta zube gaban ubanta ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. "Baba, me ya sa ba ka gaya min ba? Baba, ɗamararka."

"Gobe Litinin," ya ce, yana dafa kanta. "Ki fito da faranti huɗu, kada ki mayar da ko ɗaya."

Ya dubi ƙafar tasa da ke miƙe a kan katako. Ba tare da ƙyallen nan ba kwat ɗin ta yi masa yawa, kafaɗunsa sun zube, sai na ga tsohon da ya ce min zai zama. Na juya na share ido da gefen zani.

"Sai dai ban sani ba, 'yata," ya ce a hankali. "Daga ƙofar coci zuwa gaban fada ya fi taku bakwai."

Emile ya durƙusa kusa da ita, ƙahon na rataye a hannunsa.

"Ni zan yi busar, Mista Prosper," ya ce. "In ka tsaya zan ja sautin in jira ka. Ba wanda zai san ba haka taken yake ba."